Babi na Shida: Garin Faladiyom da Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa

A watan Mayu na 2008, a Jami'ar Osaka ta ƙasar Japan, Farfesa Yoshiaki Arata, dattijon da ya haura shekara 80 kuma ya daɗe da yin suna a ilimin walda da sarrafa ƙarfe, ya tara masana da 'yan jarida ya nuna musu wani gwaji. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Tukunyar ƙarfe ce rufaffiya, an zuba mata wani baƙin gari mai laushi, wato ƙwayoyin ƙarfen faladiyom ƙanana ainun da aka warwatsa cikin wani sinadari mai suna zakoniya don kada su manne da juna. Sai aka tura iskar ditiriyom, wato haidirojin mai nauyi, cikin tukunyar. Ma'aunin zafi ya tashi zuwa wajen digiri 70. Wannan bai ba kowa mamaki ba, domin an san faladiyom yakan yi zafi idan yana shan haidirojin. Abin da Arata ya nemi a lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. Garin ya ƙoshi da iska, amma cikin tukunyar ya ci gaba da fin bangonta ɗumi har kimanin awa 50, kuma ya ce ya tarar da hiliyom a ciki. A fassararsa, cibiyoyin zarrar ditiriyom ne ke haɗewa a cikin ƙwayoyin ƙarfen, dangin haɗewar da ke hura wutar rana, amma a kan teburi, ba tare da tsananin zafi ba.

Masu bin wannan fage sun fito da bayanai barkatai kan yadda hakan zai yiwu, kowanne da lissafinsa da mabiyansa. Mai hange daga nesa zai ɗauka yawan nazariyya alamar lafiya ce. Ni ban ga haka ba. A ganina yawan nan yana nuna rashin abu guda da kowane ilimin gwaji ke tsayuwa a kansa, wato gwajin da duk wanda ya bi ƙa'idarsa zai sami sakamako iri ɗaya. Inda babu irin wannan gwaji, babu abin da zai kashe nazariyya mara tushe, sai su yi ta taruwa, ba wadda ke ture wata. Ina faɗin haka ne don lamarin ya dame ni. In da gaske 'yan giram na garin ƙarfe za su yi watanni suna ba da zafi, ba hayaƙi ba sharar nukiliya, to duniyar da ɗaruruwan miliyoyin mutanenta ke kwana babu wutar lantarki ba ta da uzurin yin sakaci da shi. In kuwa ba gaskiya ba ne, gara a sani da wuri a daina yaudarar masu fata da masu zuba kuɗi.

Maganar ta samo asali ne ranar 23 ga Maris 1989, lokacin da Martin Fleischmann da Stanley Pons suka kira taron manema labarai a Jami'ar Utah ta Amurka, suka ce sun tsoma sandar faladiyom cikin ruwa mai nauyi, wato ruwan da ke ɗauke da ditiriyom, sun ratsa wutar lantarki, kuma zafin da ya fito ya fi ƙarfin duk wani aikin sinadarai. Manyan ɗakunan gwaji irin su Caltech da MIT a Amurka da Harwell a Ingila suka gwada, ba su ga kome ba. A Nuwamban shekarar kwamitin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya ce babu hujja mai gamsarwa, kuma da aka sake zama a 2004 yawancin masu bita ba su yarda an tabbatar da aikin nukiliya ba. John Huizenga, ɗaya daga cikin shugabannin kwamitin farko, ya taƙaita matsalar da cewa sai abubuwan al'ajabi uku sun auku a jere kafin iƙirarin ya zama gaskiya. Duk nazariyyar da za mu duba, da waɗannan ukun take kokawa.

Na farko shi ne kusantar kanta. Cibiyar ditiriyom furoton ɗaya ce da nutron ɗaya, tana ɗauke da cajin lantarki, masu caji iri ɗaya kuwa tunkuɗe juna suke yi. Kafin biyu su matso inda ƙarfin nukiliya zai kama su, sai sun ƙetare shingen da ya kai ɗaruruwan dubban ilektiron-bolt, wato ma'aunin makamashin zarra, alhali a zafin ɗaki abin da zarra ke yawo da shi bai wuce kashi ɗaya cikin 40 na ilektiron-bolt guda ba. Shi ya sa injinan haɗewa na zamani ke dafa iskarsu ta wuce digiri miliyan 100. Gaskiya ne ilimin kwantam ya yarda ƙwaya ta ɓulle ta cikin shinge ba tare da ta haura shi ba, amma Steven Koonin da Michael Nauenberg sun lissafa abin tun a 1989. Cibiyoyi biyu da ke zaune tare cikin iskar ditiriyom za su jira daƙiƙoƙin da adadinsu ke da sifili 63 kafin su haɗe, alhali shekarun sammai da taurari kaf, in an mayar da su daƙiƙa, sifili 17 ne kacal. Kuma a cikin faladiyom tazarar da ke tsakanin gurbin ditiriyom da na maƙwabcinsa ta kusa ninka ta cikin iskar sau huɗu.

Na biyu da na uku sun shafi abin da ke fitowa. Idan ditiriyom biyu suka haɗe, kusan rabin lokaci ana samun tiritiyom da furoton, ɗaya rabin kuma hiliyom mara nauyi da nutron. Hiliyom na yau da kullum bai fi sau ɗaya cikin kimanin miliyan 10 ba, kuma idan ya fito yana zuwa ne da hasken gama mai ƙarfin ilektiron-bolt miliyan 23.8. Ma'anar wannan ita ce zafin wat ɗaya tak zai riƙa watso nutron kusan tiriliyan ɗaya kowace daƙiƙa, abin da zai hallaka duk wanda ya daɗe a gefen teburin. Ba a ga nutron ɗin ba, ba a ga hasken gama ba, masu gwajin kuma suna nan lafiya. Kada a ce ai sanyi ne ke sauya rabon. Akwai haɗewar sanyi ta gaskiya da babu mai musunta, wadda Luis Alvarez ya gani a Berkeley a 1956, inda wata ƙwaya mai suna miyuwon, mai nauyin ilektiron sau 207, ke matse cibiyoyi biyu su haɗe cikin ruwan haidirojin mai tsananin sanyi. A can ma, in ditiriyom biyu ne suka haɗe, nutron na fitowa kamar yadda aka saba.

To me ya kai masu bincike ga gari? Michael McKubre na cibiyar SRI ya ba da rahoto cewa ba ya ganin ƙarin zafi sai ya cusa kusan ditiriyom 9 ga kowace zarrar faladiyom 10, abin da ke cin makonni, kuma sandar kan tsage ta zubar da abin da ta sha. Gari ba ya wannan wahalarwa, nan da nan yake sha. Nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita, kuma ƙwayar faladiyom mai kaurin nanomita 5 ba ta ƙunshi zarra fiye da dubu huɗu da 'yan kai ba, sama da rubu'insu kuma a kan fatarta suke. A irin wannan ƙanƙanta, ƙarfe kan sauya hali da gaske, a narkewarsa, da launinsa, da yadda yake riƙe iska. Akira Kitamura na Jami'ar Kobe da Akito Takahashi sun bi sawun Arata tun daga 2009, sannan tsakanin 2015 da 2017 hukumar NEDO ta Japan ta ɗauki nauyin wani aikin haɗin gwiwa na jami'o'i da kamfanoni, inda aka ba da rahoton ƙarin zafi daga garin nikel da aka gauraya da faladiyom ko jan ƙarfe, a zafin digiri 200 zuwa 300. Wannan sauyin halin na gaskiya shi ne ƙofar da kowace nazariyya ke shigowa ta cikinta.

Yeong Kim na Jami'ar Purdue ya ce amsar tana cikin taron dangi. Ditiriyom na cikin jinsin ƙwayoyin da ilimin kwantam ya yarda su taru cikin hali guda su zama tamkar abu ɗaya, yanayin da ke ɗauke da sunan Bose da Einstein. A cewarsa ƙwayar ƙarfe ƙarama kan zama tarkon da ke tsare su har su shiga wannan yanayi, shingen ya yi rauni, makamashin haɗewar kuma ya rabu a kan dukan taron, shi ya sa babu hasken gama. Tunanin na da kyau domin ya taɓa matsalolin uku da hannu ɗaya, kuma ya faɗi dalilin da zai sa girman ƙwaya ya yi tasiri. Amma a duba yadda ake samun wannan yanayi a zahiri. Da aka fara samar da shi a 1995 a Boulder, sai da aka sanyaya zarrar rubidiyom zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na digiri sama da ƙarshen sanyi. Ko an yi wa ditiriyom rangwame saboda rashin nauyinsa da cunkosonsa cikin ƙarfe, an kuma manta cewa suna tunkuɗe juna, lissafi mai sauƙi na nuna sai an sauka wajen digiri 260 ƙasa da sifili. Ga shi kuma rahotannin Japan na cewa zafin na ƙaruwa ne idan an dafa garin. Haka nan shiga hali guda ba ya cire caji, ƙwayoyin da suka taru suna nan suna ƙin juna.

Takahashi ya rage taron zuwa huɗu. Ya ce ditiriyom huɗu da ilektiron huɗu kan daidaita a siffar dala mai kusurwa huɗu, su rufta tsakiya lokaci guda, su zama cibiyar biriliyom wadda nan take ke rabewa hiliyom biyu. Wannan ya kawar da nutron da hasken gama, amma ya haifi wata matsalar. Hiliyom biyun za su fita da makamashin gudu da ya kai ilektiron-bolt miliyan 23.8 kowanne, kuma ƙwaya mai irin wannan gudu ba ta wucewa shiru, sai ta farfasa ditiriyom da ke kan hanyarta ta fitar da nutron ɗin da ake gudu. Wanda ya fi kowa fito da wannan a fili ɗan cikin gida ne, Peter Hagelstein na MIT, wanda ya nuna a 2010 cewa in har ƙarancin nutron da ake gani gaskiya ne, to dole hiliyom ya fito da ƙasa da kimanin ilektiron-bolt dubu 20, wato kusan a tsaye. Daga baya Takahashi ya ƙara cewa cibiyar kan zubar da yawancin makamashin ta hanyar ƙananan haskoki kafin ta rabe. Ƙari ne da aka yi don toshe ɓaraka, ba don wani gwaji ya nuna shi ba.

Hagelstein kansa ya bi hanyar da Julian Schwinger ya fara sharewa, Schwinger ɗin da ya ci kyautar Nobel a 1965 kuma ya fice daga ƙungiyar masana fiziks ta Amurka saboda yadda aka ƙi buga rubuce-rubucensa kan wannan batu. Tunaninsu shi ne makamashin ba ya fita a matsayin haske ko gudu, yana shiga kai tsaye cikin kaɗawar zarrorin ƙarfen, wadda ita ce zafi. A nan ma girman lambobi ne ke tsayawa a wuya. Kaɗawa ɗaya ta zarrar ƙarfe ba ta ɗaukar fiye da 'yan kashi cikin 100 na ilektiron-bolt, don haka sai an gutsuttsura miliyan 23.8 zuwa gutsure kusan biliyan ɗaya. Kamar mutum ne ya miƙa wa mai tebur a kasuwa takardar kuɗi guda ya ce a ba shi canjinta sulalla biliyan, nan take, kuma kada ko ɗaya ya faɗi ƙasa ya yi ƙara. Lokacin ma babu shi, domin cibiyar da ta haɗe kan tarwatse kafin haske, wanda babu abin da ya kai shi gudu, ya ci fiye da kimanin kashi ɗaya cikin dubu na tazarar da ke tsakanin zarra biyu. Wasu kan kawo abin da Rudolf Mössbauer ya gano a 1958 a matsayin shaida cewa cibiya na iya miƙa wani abu ga dukan ƙarfe. Sai dai a can ƙarfen naushin baya kawai yake karɓa, hasken gama na fita abinsa. Hagelstein ya san duk wannan, ya kuma shafe shekaru yana gina lissafin da zai nuna cewa cibiyoyi masu yawa na iya yin musayar tare ba tare da an bi ta waccan tarwatsewa ba. Ina girmama shi don bai taɓa ɓoye girman ramin da yake son tsallakewa ba. Amma lissafin bai kai ga ba da lambar da za a ɗauka a kai ɗakin gwaji a ce ga abin da za a gani ba.

Allan Widom da Lewis Larsen sun zaɓi su kauce wa shingen gaba ɗaya. A wata maƙala ta 2006 suka ce babu haɗewa ko kaɗan. A fatar ƙarfen da ya ƙoshi da haidirojin, ilektiron na kaɗawa tare da ƙarfi har wasunsu su yi nauyi, sai furoton ya haɗiye ɗaya ya rikiɗe nutron. Nutron ba shi da caji, babu shingen da ke tare shi, kuma tunda a cewarsu yana fitowa da matuƙar sanyin gudu, cibiyar da ke kusa za ta shanye shi kafin ya kai ga na'urar awo. Wannan bayani ya sami karɓuwa don ya dace da ƙwayoyin da yawancinsu fata ne, yana aiki da haidirojin na yau da kullum, kuma yana iya ɗaukar rahotannin rikiɗar sinadarai irin na Yasuhiro Iwamura, wanda ya ce a 2002 ya ga siziyom ya koma wani sinadarin daban. Amma nutron ya fi furoton da ilektiron a haɗe nauyi, kuma cike giɓin na buƙatar ilektiron-bolt dubu 780, alhali ilektiron cikin ƙarfe 'yan ƙwarori yake da su. Shinge aka canza da shinge. A 2012 wasu masana a Roma, cikinsu har da Luciano Maiani, tsohon shugaban cibiyar binciken nukiliya ta CERN, suka sake lissafin suka ce adadin nutron da za a samu bai kai a ambata ba.

Ko da an yafe wannan, nutron ba ya shiga ƙarfe ya fita ba sawu. Wannan ilimi ne da ake aiki da shi kullum. A Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, babban aikin ƙaramin injin nukiliyar da ya fara aiki a 2004 shi ne a jefa wa samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi nutron, sannan a karanta hasken gaman da yake fitarwa a gane sinadaran da ke ciki, ko da ɗan mitsitsi ne. Faladiyom mai lamba 108 idan ya sha nutron yakan koma mai lamba 109, wanda rabinsa ke ruɓewa cikin kimanin awa 13 da rabi. Nikel mai lamba 64 kan koma 65, mai awa 2 da rabi. Widom da Larsen sun ce ilektiron masu nauyin nan na shanye hasken gama su mayar da shi ɗumi. To, in an kashe gwajin an zuƙe iskar, ilektiron masu nauyi sun tafi, amma ruɓewar ba ta san an kashe ba. Garin da ya yi kwanaki yana ba da wat ta wannan hanya ya kamata ya sa na'urar awo ta yi ta kuka da zarar an buɗe tukunyar. Ba haka ake samu ba.

Edmund Storms, tsohon ma'aikacin Los Alamos, ya ce ba a cikin ƙarfen ake aikin ba, a cikin tsagu ne masu faɗin kimanin nanomita, inda haidirojin ke jeruwa yana sakin makamashi kaɗan-kaɗan. Wannan na iya bayyana dalilin da ya sa wani samfuri ke yi wani ya ƙi, amma daidai nan hatsarinsa yake, domin duk gwajin da ya gaza sai a ce tsagun da suka dace ne ba su samu ba.

Idan aka jera waɗannan bayanai sai a ga ba ma abu ɗaya suke bayyanawa ba. Kim da Takahashi da Hagelstein sun gina nasu ne da fari a kan ditiriyom da hiliyom. Amma tun daga aikin Francesco Piantelli da Sergio Focardi a Italiya a 1994 har zuwa aikin NEDO, ana ba da rahoton zafi daga nikel da haidirojin na yau da kullum, wanda cibiyarsa furoton ne tilo. Haɗewar furoton biyu na da wuyar da ko a tsakiyar rana, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, furoton kan jira biliyoyin shekaru. Ko dai akwai sababbin abubuwa biyu ko uku mabambanta da duk suka ɓuya a garin ƙarfe, ko kuwa wasu rahotannin, wataƙila dukansu, ba nukiliya ba ne.

Abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba shi ne garin nano wuri ne da ilimin sinadarai ya fi iya shigar burtu. Yawan fatar da ya sa ake ƙaunarsa ita ce ke sa shi tsatsa da riƙe danshi. Idan haidirojin ya tarar da tsatsar faladiyom sai ya ƙwace iskar oksijin ɗinta ya zama ruwa, wannan kuwa zafi ne mai yawa, kuma yana sa a zaci garin ya sha iska fiye da yadda ya sha. Masu gwaji kan ce sun rufe wannan ƙofa ta hanyar kwatanta ditiriyom da haidirojin, in ditiriyom ya fi zafi to nukiliya ce. Amma a 2012 Olga Dmitriyeva da abokan aikinta a Kolorado sun nuna cewa ditiriyom na musayar gurbi da haidirojin ɗin da ke cikin ragowar danshin garin, kuma musayar kanta na fitar da zafi, in an juya ta kuma ta sha zafi. Ban da haka, iskar ditiriyom ba ta kai haidirojin saurin kwashe zafi ba, don haka ma'auni ɗaya a wuri ɗaya zai iya nuna lambobi biyu ba tare da an sami ƙarin wat ko ɗaya ba. Kamfanin Google ya kashe kimanin dala miliyan 10 daga 2015, da masu bincike wajen 30, kuma a rahoton da suka buga a mujallar Nature a 2019 sun ce sun gwada samfura 420 na ƙarfe da haidirojin ba su ga ƙarin zafi ba.

Masu kare fagen na da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce ruwa ba ya tsami banza, ɗaruruwan rahotanni daga ƙasashe daban-daban ba za su zama kuskure duka ba. Sukan tuna cewa an gano ƙarafan da ke ratsa lantarki ba turjiya a 1911, amma ba a sami bayaninsu ba sai 1957. Wannan misali nasu a kansu yake komawa, domin a waɗancan shekaru 46 duk mai ruwan hiliyom na iya ganin abin da idonsa a duk ranar da ya so, bayanin ne kawai ya yi jinkiri. Misalinsu da ya fi ƙarfi shi ne na silikon da jamaniyom, waɗanda suka daɗe suna ba masana sakamako mai saɓani har sai da aka gane ƙazanta 'yar kaɗan ce ke juya halinsu. Na yarda hakan na iya faruwa a nan, shi ya sa ban ce a rufe littafin ba. Sai dai a wancan fagen, da kayan aiki suka ƙara tsabta, abin ya ƙara fitowa sarari. A nan an wuce shekara 30, na'urori sun inganta nesa ba kusa ba, amma har yau babu ƙa'ida ɗaya rubutacciya da baƙon ɗakin gwaji zai bi ya samu.

Masu cewa ɓarnar kuɗi ce gaba ɗaya su ma sun yi gaggawa. Akwai abu guda da ƙarfe ke yi wanda aka auna aka sake aunawa. Ƙungiyar Jirohta Kasagi a Japan da wasu biyu a Jamus sun harba ditiriyom mai matsakaicin gudu kan ƙarafa, suka ga haɗewa ta fi yadda ake tsammani, kamar ilektiron ɗin ƙarfen sun rage shingen da ɗaruruwan ilektiron-bolt, alhali a cikin iska ragin 'yan gomiya ne. Har yanzu ana muhawara kan dalilin girman wannan ragi. A 2025 ƙungiyar Curtis Berlinguette a Kanada, wadda ta yi aiki a shirin Google, ta nuna cewa cusa wa faladiyom ƙarin ditiriyom ta hanyar lantarki ya ƙara yawan haɗewa da kashi 15 cikin 100. Amma a lura, da harbi aka yi, nutron ɗin da aka saba ne suka fito, kuma makamashin da aka samu kusan kashi ɗaya ne cikin biliyan na wat. Wannan bai tabbatar da Arata ba, amma ya nuna irin tambayar da ake iya amsawa, kuma a nan ya kamata kuɗi irin dala miliyan 10 da hukumar ARPA-E ta Amurka ta raba wa ƙungiyoyi takwas a 2023 su fi zuwa.

Ga garin nano kansa, gwajin da zai raba gardama ba ya buƙatar sabuwar nazariyya. Idan ditiriyom ne ke zama hiliyom, kowane wat zai haifar da zarrar hiliyom kimanin biliyan 260 a daƙiƙa. Melvin Miles na rundunar ruwan Amurka ya ce ya ga hiliyom na tafiya tare da zafi tun 1991, amma abin da ya auna ya yi ƙasa ƙwarai da kashi 5 cikin miliyan da ke cikin iskar da muke shaƙa, don haka ba a iya kawar da zargin yoyo ba. A tukunyar ƙarfe mai cin lita ɗaya, wat ɗaya na mako guda zai tara hiliyom da ya ɗara na iskar waje, cikin wata guda kuma ya ninka shi sau biyar, yoyo kuwa ba ya iya kai ciki ya fi waje. Sai a raba gari daga buhu ɗaya ga ɗakunan gwaji uku da ba su da hannun jari a sakamakon, a gasa shi ya bushe sarai, a auna zafi ta hanyar ruwan da ke zagaye tukunyar ba da ma'auni ɗaya ba, a kai iskar da garin ga masu awon da ba su san wace tukunya ce ta yi zafi ba, da na'urar da ke iya bambance hiliyom da iskar ditiriyom, domin nauyinsu kusan ɗaya ne. A maimaita da ƙwayoyi masu girma daban-daban, da sanyi da zafi. In hiliyom ya zo daidai da lissafi babu nutron, Hagelstein na da aiki a gabansa, kuma littattafan fiziks za su buƙaci gyara. In sanyaya garin ya ƙara zafin, Kim ya sami hujjarsa ta farko. In garin ya fito yana ruɓewa da alamun faladiyom 109 ko nikel 65, Widom da Larsen ne za a koma wa. In kuwa zafin ya ɓace da zarar garin ya bushe kuma awon ya tsananta a ɗakunan uku, to danshi da tsatsa ne aka yi ta aunawa, kuma ya wajaba a buga wannan sakamakon a fili kamar yadda za a buga ɗayan.